Gida Nawa Dorina Take Ci?

Mutum biyar ko shida ne suke zagaye tebur, galibinsu magidanta da matan aure da 'yan jami'a, mutanen da ke da aikin fita da safe. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai ba da labari. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi har a tashi: wannan maharbi, wancan masunci, na kusa da shi ɗan kasuwa mai daɗin baki, na ƙarshe boka. Mai labari zai ce, "Kun iso bakin ruwa da almuru. Jirgi ɗaya ya rage, mai shi kuma ya ce ba zai ƙetare ba sai gari ya waye. Me za ku yi?" Ɗan kasuwa ya ce zai lallashi mai jirgi. Sai a miƙa masa ɗan ludo, amma wannan fuska ashirin gare shi, ba shida ba. Ya jefa. In lamba ta yi sama, mai jirgi ya yarda. In ta yi ƙasa, a kwana a bakin ruwa da sauro. Ba a sa kuɗi, ba wanda yake cin wani, kuma babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai ba da shi. Mafi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, bugun farko kwafi 1,000.

Muddin ana hira ne da ciniki da tafiya, baki ya wadatar. Rigima tana tashi ne idan aka zo faɗa. Mai labari ya ce kada ya yunƙuro daga ruwa ya cafke ƙafar maharbi. Maharbi ya ce, "Haba Yaya, ƙafar wa? Ai ni tun ɗazu ina bayan kanya." Masunci ya ce shi bai ji an ambaci wata kanya ba. Boka ya ce akwai kanya, amma shi ne a bayanta. Ɗan kasuwa ya ce shi fa ko saukowa bakin ruwan bai yi ba, yana can sama yana ɗaure kaya. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya ji labarin da kunnensa ya zana wurin a zuciyarsa, kuma kowa da ya zana sai ya ajiye kansa a inda ya fi aminci. Mutum huɗu, bakin ruwa huɗu, kada kuwa ɗaya ne, kuma dole ya kama ƙafar wani.

Don kashe wannan musu ne ake shimfiɗa takarda mai gida-gida a tsakiyar tebur, a zana bakin ruwa da kanya da jirgi, kowane ɗan wasa kuma a ba shi ɗan mutum-mutumi na roba ko na dalma, wanda tsayinsa bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, ya ɗora shi a gidan da ya ce yana tsaye. Kowane gida inci ɗaya ne a takarda, a cikin labari kuma ƙafa biyar. Ana ajiye 'yan mutanen ne tun kafin kada ya fito. Da ya fito sai a sunkuya a duba.

Don koyar da dabarun yaƙi aka fara wannan dabara, ba don nishaɗi ba. A 1780 wani malamin lissafi a Braunschweig ta ƙasar Jamus, Johann Hellwig, ya ƙirƙiro wasan yaƙi a kan allo mai gida 1,617, ya shafa wa gidajen launuka don a bambance tudu da ruwa da fadama. Bayansa wani Bajamushe mai suna Reisswitz ya ga gidajen suna takura wa rundunoni, ya watsar da su, ya koma gina tuddai da kwaruruka da jiƙaƙƙen yashi. A 1812 ya kai wa sarkin Purushiya wasan a cikin akwatin katako. Ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya gyara shi a 1824 ya mayar da shi kan taswirar gaske, ya sa alƙali a tsakani wanda shi kaɗai yake ganin ɓangarorin biyu. Wannan alƙali shi ne kakan mai ba da labari na yau. Bayan Purushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka rungumi wasan. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, inda ya tsara yadda manya za su durƙusa a daɓen ɗaki da sojojin dalma. Shi zare ya yi amfani da shi wajen awo: mai tafiya a ƙasa ƙafa ɗaya, mahayin doki ƙafa biyu. Daga wannan jinsi ne Gygax da abokinsa Jeff Perren suka fitar da Chainmail a 1971, Arneson kuma a Minnesota ya rage runduna ta koma mutum ɗaya a hannun kowane ɗan wasa. Tun daga Hellwig da Reisswitz ake jayayya ko a yi da gidaje ko a bar fili sake, har yau kuma ba a gama ba.

Mutumin Yauri ba baƙo ba ne a wannan jayayya, domin kayan aikin duka suna ƙofar gidansa. Tatsuniya ce da dara aka ɗaura wa aure. Tatsuniya tana da Gizo da Ƙoƙi da dodon ruwa, amma ba ta da gurbi: in an ce Gizo ya ɓuya, ya ɓuya ke nan, ba mai tambayar taku nawa ne tsakaninsa da kura. Dara kuwa gurbi ne zalla. Ban da darar ramuka goma sha biyu da ake zuba 'ya'ya ana kwashewa, akwai ta gida talatin, layi biyar kowane da gida shida, wadda ake tonawa a yashi a gindin bishiya. Kowane ɓangare 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa. A jera su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sa'an nan a fara turawa gida ɗaya-ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Wanda ya samu doki, wato jerin da duk turawa ɗaya sai ya ba shi uku, ya gama da mutum. Littattafan Turawa kan wasannin duniya suna jingina wannan dara ga Dakarkarin ƙasar Zuru, maƙwabtanmu a nan jihar Kebbi, kuma ana yin ta har cikin Nijar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara ya san abin da ake nufi da "a nan ɗana yake". Ramin shi ne shaida, kuma 'yan kallo goma sun gani.

Saboda haka wanda yake son gwada wannan wasa a Yelwa ko Wara ko Shanga ba ya buƙatar jiran kaya daga waje. Yana buƙatar sanin lissafin, kuma ga shi. Ana raba faɗa zagaye-zagaye, kowane zagaye daƙiƙa shida ne a cikin labari, ko da an shafe rabin awa ana tattauna shi a zaune. A zagaye ɗaya mutum mai lafiya yana tafiya ƙafa 30, gida shida ke nan, sa'an nan ya yi abu ɗaya: sara, ko harbi, ko jan ɗan'uwansa daga ruwa. In ya fasa yin komai ya zuba da gudu, gida goma sha biyu. Taɓo da ciyawar ruwa da iyo suna cin ninki, gida ɗaya a bakin biyu. Mai takobi ko adda sai wanda yake gidan da ke manne da nasa zai iya samu. In kuma ka juya wa abokin gaba baya ka bar gidan da ke kusa da shi, yana da damar kai maka sara ɗaya kyauta. Allon dara na gida talatin ya yi wa wannan kaɗan, tunda tsayinsa tafiyar zagaye ɗaya ce. A tona goma sha biyar a tsaye, goma sha biyar a kwance, ko a ja layuka da gawayi a bayan buhun siminti.

Akwai wata matsala da ta raba kan masu wasan nan shekaru da dama, wato tafiyar kusurwa. In mutum ya tsallaka daga gidansa zuwa na kusurwa, a takarda gida ɗaya ya yi, amma a awo ya yi kusan ƙafa bakwai, ba biyar ba. In ya yi haka sau shida a jere, ya ci ƙafa 42 alhali ɗan'uwansa da ya miƙe sak ya ci 30. A bugun 2003 na Dungeons & Dragons an ce kusurwar farko a ƙirga ta gida ɗaya, ta biyu gida biyu, ta uku ɗaya, haka dai. Lissafin ya kusa daidai, amma sai an riƙa tuna a wace kusurwa aka kwana. Bugun 2008 ya ce a ƙirga kowace gida ɗaya a huta, sakamakon haka wutar da boka ya jefa, wadda ya kamata ta bazu a zagaye, ta koma mai kusurwa huɗu. Bugun 2014 ya bar wa kowane tebur zaɓi, har ma ya ce allon kansa ba dole ba ne. Wasu sun gudu zuwa gidaje masu kusurwa shida, inda duk maƙwabtan gida nisansu ɗaya, sai dai ɗakin da aka gina da kusurwa huɗu ba ya zama daidai a kansu, kullum sai an yanka gidaje rabi-rabi a jikin bango. 'Yan dara sun yanke wannan hukunci tun kafin a haifi Gygax: babu tafiyar kusurwa sam. Ni ina tare da su. Wanda yake son gidan kusurwa ya yi gaba ɗaya, gefe ɗaya, ya biya gida biyu. An ɗan cuce shi a awo, amma an cuci dodo daidai da shi, kuma yaro ɗan aji uku zai iya ƙirgawa ba tare da an tsaya ba.

Sai batun 'yan mutanen. Na waje suna da kyau ƙwarai. Akwai masu zama dare bayan dare da siririn burushi suna shafa wa ɗan soja launin ido da na maɗaurin takalmi, kuma kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila da wannan sana'ar ya shahara. Amma suna da tsada kafin su iso nan, sa'an nan akwai abin da ya fi tsada nauyi: da yawa daga cikinmu ba sa sakin jiki da ajiye siffar mai rai a gida, kamar yadda wasu ba sa sakin jiki da jefa ɗan ludo ko da babu caca. Wannan ba abin rainawa ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Abin da zan iya faɗa ta fuskar wasan shi ne, aikin ɗan mutum-mutumi ɗaya ne tak, ya nuna gurbi, kuma abin da ba shi da fuska yana yin wannan aiki sarai. Maimakon ɗan ludo ma ana iya rubuta lamba ɗaya zuwa ashirin a 'yan takardu a zuba a hula, a ja ɗaya, a mayar, a girgiza.

Murfin lemo ne ya fi komai dacewa. Yana zama daram, iska daga tafki ba ta ɗaukarsa da sauƙi, launinsa daban-daban, kuma in an kifa shi kowa ya san mai shi ya suma. Tsakuwa ta yi wa 'yan fashi da sauran taron da ba su da suna. Ƙwallon dabino ya yi wa karnuka da kuraye. Ƙwallon goriba na ƙattai ne. In akwai yaro a gidan mai iya gina doki da sa da laka, a ba shi aiki, a kuma biya shi.

Abin da ba a sawa a allo shi ne abinci. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, soyayyen warangi, duk an hana. Dalili kuwa shi ne hannu yana kaiwa baki ba da sanin mai shi ba. Mai labari zai jera dogarai takwas na ƙuli-ƙuli a ƙofar gari, ya juya ya amsa sallama, ya waiwayo ya tarar da biyar, kuma ba wanda zai iya cewa ga lokacin da ukun suka faɗi. A Amurka akwai masu sa alewa a matsayin abokan gaba da gangan, wanda ya kashe ya cinye. Ban goyi bayan wannan ba, domin yana sa 'yan wasa su far wa mutumin da ya kamata su yi sulhu da shi, don kawai alewarsa ta madara ce. Goro shi ma a bar shi a aljihu. In dattijo ya tsaya kallo ya ce, "Yara, wannan goron na waye?" ba mai bakin da zai ce masa, "Baba, sarkin aljanu ne." Za a ɗauka a miƙa masa da hannu biyu, yaƙi kuma ya ƙare a nan. Albasa, duk da yalwarta a ƙasar Yauri, tana mirginawa, kuma uwargida za ta aiko a karɓa kafin la'asar.

Duk abin da na faɗa zuwa nan na tudu ne, mu kuwa mutanen ruwa ne, kuma waɗanda suka tsara waɗannan dokoki kogon dutse da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke hange, inda daɓe ba ya motsi. Labarin da za a kafa a ƙasar Gungawa da Sarkawa da Lopawa da Shangawa dole rabinsa a cikin jirgi zai faru. Gida a kan ruwa ba ya riƙe mutum. Wanda ya ce "ina nan ban motsa ba" yana cikin kwale-kwale, to ya motsa, ruwa ya tafi da shi.

Maganin wannan kwali ne. A yanka shi tsayin gida shida, faɗin gida ɗaya, jirgi mai ƙafa 30 ke nan, a ja masa nasa layukan, a ɗora murafan a kansa, a riƙa tura kwalin gaba ɗaya da mutanen da ke ciki. Faɗin gida ɗayan nan yana da muhimmanci, domin yana tilasta wa 'yan wasa abin da duk ɗan bakin ruwa ya sani: a cikin kwale-kwale ba a wuce juna sai da dabara, na gaba yana gaba, mai tuƙi yana baya, kuma in mutum uku suka taso gefe ɗaya jirgi ya kife. A ƙarshen kowane zagaye mai labari ya tura duk abin da ke kan ruwa gida ɗaya zuwa inda ruwa ya nufa. In labarin a wajen Yelwa ne ko Shanga, inda Kwara take da sauran ƙarfinta na kogi, ya tura biyu lokacin cikar ruwa. In a faɗin tafki ne wajen Wara da tsibirin Foge, iska ce mai turawa, ba gudun ruwa ba, sai a faɗi tun farko ta ina take busowa. Wanda ya nutse a ɗora masa tsakuwa a kan murfinsa, kowace tsakuwa zurfin ƙafa biyar.

Yanzu ga dorina. Dokar wasan ta ba mutum gida ɗaya, ta ba dabba mai girman doki gida huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, ta ba giwa gida tara. Ya kamata a gane cewa gidan ba faɗin jiki yake aunawa ba, ai babu mutum mai faɗin ƙafa biyar. Filin da halitta take karewa ne idan ana faɗa, inda ba ka isa ka ratsa ba sai da yardarta. Da wannan ma'auni, dorina a tudu a ba ta gida huɗu, gwangwanin tumatir babba ya isa ya nuna ta. A ruwa kuwa tara take ci, ko da jikinta bai kai na giwa ba, saboda ruwan da take tayarwa in ta yunƙura kaɗai yana iya juya kwale-kwale. Duk masuncin da aka nuna wa allo aka ce masa jirginsa zai iya bi ta gidan da ke manne da dorina ya wuce lafiya, zai tashi ya bar wasan, kuma da gaskiyarsa.

In tana ƙarƙashin ruwa ba a ɗora gwangwanin a allo. Mai labari ya rubuta gidan da take a 'yar takarda, ya ninke, ya ba wani ɗan kallo da ba shi da ɗan'uwa a cikin jirgin ya riƙe. In ta ɓullo a buɗe takardar kowa ya gani. Wannan yana kare mai labari daga zargin cewa ya ɓullo da ita ƙarƙashin ƙaninsa ne saboda wata tsohuwar magana ta gida.

Akwai kuma lissafin da ya kamata a yi wa 'yan wasa tun kafin su yanke shawarar tsokanar ta a tudu. Dorina tana iya gudun kilomita 30 a awa a gajeren zango. A daƙiƙa shida mita 50 ke nan, wato ƙafa 164, kusan gida 33. Mutum in ya zuba da gudu gida goma sha biyu yake yi. Allon kuma goma sha biyar ne. Idan maharbi ya ce zai harbe ta sa'an nan ya ruga, ba sai an ƙirga gidaje ba, mai labari ya tambaye shi kawai ko akwai bishiya a gidan da ke kusa da shi.

Wannan ya kawo mu ga inda allo yake ɓata wasa. Da zarar an shimfiɗa shi, idanu suna sauka ƙasa. Mutumin da ɗazu yake cewa zai yi tsalle ya kama reshe ya faɗa cikin jirgin 'yan fashi, yanzu yana ƙirga gida da yatsa yana cewa saura ɗaya bai kai ba. Kuma shimfiɗa allo kansa sanarwa ce: da 'yan wasa sun ga mai labari ya ɗauko buhun siminti, sun san faɗa za a yi, sai kowa ya zare adda, alhali wataƙila mutanen da suka tare hanyar gaisuwa kawai suke jira. Shi ya sa masu wasa da yawa ba sa amfani da allo ko kaɗan, komai a baki suke yi. Nawa ra'ayin, allo na wurin da gurbi zai iya kashe mutum ne: faɗa a cikin jirgi, ƙofar gari mai ƙunci, gada, wuta mai bazuwa. Ciniki a kasuwar kifi ba ya son allo. Zance a fada ba ya so. Tsere ma ba ya so. Duk wanda ya kalli tseren jirage a bikin Rigata na Yauri ya san daɗin abin yana cikin ihu da kiɗa da haɗuwar filafilai, in aka mayar da shi tura kwali biyu gida-gida an kashe shi.

Akwai wani amfani na zane a ƙasa da ya fi kashe musu, kuma mu ne muka fi kowa sanin sa. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya yi tafki mai tsayin sama da kilomita 130, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Bussa ta nutse, da gungu da yawa inda Gungawa suke noman albasa da gero tun kaka da kakanni. Duwatsun ruwan da matafiyin Bature Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806, bayan ya wuce ta ƙasar Yauri, su ma suna ƙarƙashin tafkin. Shi ne wanda Richard Lander da ƙaninsa John suka zo har Yauri a 1830 suna neman takardunsa. Waɗanda suka rayu a waɗannan gungu suna yara yanzu tsofaffi ne. Ka tambayi ɗayansu yadda garinsu yake, sau da yawa zai ɗauki tsinke ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layin ruwa, ya ajiye tsakuwa ya ce nan ne masallaci, nan mashigin jirage, nan gidanmu. Mai ba da labarin da yake neman taswirar da zai kafa wasansa ba ya buƙatar kwafo garin Turawa mai hasumiya daga intanet. Ya je ya durƙusa gaban kakansa ya ce, "Kaka, zana mini," ya kwafe a takarda da sunayen wuraren yadda aka faɗa masa, ya kuma nemi izini kafin ya sa dodo a inda kabarin wani yake. 'Yan wasan da suka yi wata guda suna tura murfin lemo a lungunan wannan gari za su san shi lungu-lungu, su san ta ina ake sauka ruwa da rani, ta ina ake sauka in ruwa ya cika.

Saura tashi. Faɗa ɗaya a allo yana iya cin awa guda, magariba kuma ba ta jiran a gama zagaye. In an yi kira, a bar komai a inda yake, a ɗauki hoton allon da waya biyu, ta mutum biyu da ba gida ɗaya suke kwana ba. In a yashi aka tona gidajen, a kifa babban kwando a kai a danne da dutse, saboda kaji suna tono a ramukan, akuya kuma tana cin kwali, jirgin da mutanen da ke cikinsa duka. Wanda ya riga kowa dawowa daga masallaci ya zauna nesa da kwandon har sai mutum na biyu ya iso.